Maman Diana da Keken Goggo

A Dogarawa ba mai kiran Clara da sunanta, sai dai Maman Diana. Shekara goma sha bakwai ta yi tana rainon 'ya'yan malamai a Samaru kafin ta mai da falonta gidan raino. Harshenta akwai kaushi. Iyaye da yawa ba sa son ta, suna kawo mata yara ne don sun san ba ta wasa da aiki.

Da an miƙo mata jariri sai ta cire masa takalmi da safa, ta kwantar da shi rub da ciki a tabarma, ta ajiye murfin tukunya ɗan nesa da hannunsa, ya yi ta kiciniya har ya kai. Ba ta goyo sai barci ya zo.

Cikin yaran, Muntasir ne ya fi shiga ranta. Tun yana wata uku uwarsa Nana Khadija take kawo shi in za ta wurin aiki. Yanzu ya kai wata goma sha ɗaya, yana rarrafe da gudu, yana kama kujera ya miƙe, amma bai taka ba.

Ranar wata Talata kakarsa Goggo ta zo ɗaukar sa, riƙe da sabon keken koyon tafiya da ta sayo a shagunan PZ. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Maman Diana, dubi gwiwar jikana, baƙi ƙirin! Raino muka kawo shi ko sharar ɗaki?"

"Gwiwa ai da sabulu take fita, Goggo."

"Sa'anninsa a unguwarmu duk sun taka. Daga gobe ki sa shi a wannan."

Maman Diana ta ture keken da ƙafa. "Ba a ɗakina ba. Da idona na ga irinsa ya gangara da wata yarinya a matakala a Samaru. Kuma yaro a ciki da yatsun ƙafa yake tura ƙasa, bai san nauyin jikinsa ba. Ki bar shi, ya kusa."

"'Ya'ya tara na raina, ke za ki koya mini?"

"Ni na raini sama da arba'in, kuma ba wanda na rataye a roba kamar kayan shanya."

Nan Goggo ta fusata. Ta sunkuya ta fizge Muntasir daga jikin kujera, ya tsala kuka yana miƙo hannu. "Wallahi ba zai sake wuni a ƙasan ɗakinki ba, mai bakin tsiya!"

Maman Diana ta san da ta ce a yi haƙuri, ko ta karɓi keken ta jingine a bayan ƙofa, da zancen ya mutu. Ba ta ce ba.

Washegari Nana Khadija ta kira ta a waya, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce Goggo uwar mijinta ce, ba yadda za ta yi, yaron zai zauna a gida.

"To," in ji Maman Diana. "Ki dai riƙa sauke shi ƙasa in Goggo ta shiga wanka."

Ta kashe wayar, ta daka wa wani uba tsawa don ya shigo mata da takalmi.