Farin Fenti a Titin Ƙanƙara

Daga Sabuwa

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gida, takardar kamfanin inshorar da nake wa aiki tana aljihun gaba, na maƙale ta da fil. Watana biyar da gama jami'a, kuma wannan ne aikena na farko ni kaɗai. Babbar motar wani ɗan kwangila mai inshora a wurinmu ce ta buge wani manomin Pauwa, Malam Ɗan'azumi, a Ƙanƙara, ta karya masa ƙafa, ga shi tsakiyar damina. Manajanmu ya ce in a kan fararen layukan tsallakawa aka buge shi, diyya ba musu; in kuwa a gefe ne, da wuya.

A bayan a-kori-kura na iso Funtua ƙarfe takwas, kobo sittin. Na sha koko da ƙosai na kobo goma, rabi ya ƙi shiga.

Ƙasar Faskari

Kiya-kiyar da na shiga ta hau sabuwar kwalta, baƙa wuluk, kamar an shimfiɗa ta da safen nan. Hanyar da na sani muna yara ana wuni a kanta, ga mu muna wuce dawa kamar iska. Tankoki da katafila sai wucewa suke. Na ce wa direba, "Malam, ko da za a ɗan rage?"

"Ɗan boko, titin ne ke gudu, ba ni ba," in ji shi.

'Yan sanda sun tsayar da mu a Sheme, suka duba lasisi, muka karya ta Ruwan Godiya. Sha ɗaya saura muka shiga Ƙanƙara, in agogona bai yi ƙarya ba.

Ƙanƙara

Na tarar da Malam Ɗan'azumi a zauren ƙanensa, ƙafa a ɗaure da karare. Bayan gaisuwa na bayyana masa sharaɗin, watakila ma fiye da yadda ya kamata. Ƙanen ya yi caraf: "A kan layin yake. Rubuta."

"Kai dai Sale, kana wurin?" in ji tsohon. Ya juyo gare ni. "Ɗana, ban taka su ba. Daga gona nike, ƙafata duk taɓo. Na ga gwamnati ta sha wahala ta shafa farin fenti, mi zai sa in ɓata mata? Sai na kewaye."

"Baba, in na rubuta haka, mai yiwuwa ba za a biya ba."

"Gonata tana can ba a yi mata maimai ba, na sani. Amma rubuta abin da na ce maka."

Alƙalamin ya daɗe a hannuna. Ban taɓa ganin mutum ya ajiye abincin shekararsa a gefe cikin natsuwa irin haka ba. Na rubuta yadda ya faɗa, ya dangwala yatsa. Sannan ya tambaye ni a hankali, "Wai dama ana takawa?"

Na fita bakin kasuwa, inda layukan suke, na tsaya minti arba'in. Layukan fes, ko sawu ɗaya babu. Mata da ƙwarya, masu jakuna, har wani liman, kowa kewayewa yake. Sarkin kasuwa ya ce ba wanda ya taɓa gaya masu amfaninsu. Na rubuta wannan a ƙasan takardar, shi ma ya dangwala.

Daga nan na taka layin. Wata tanka ta taho, ta yi ƙugi, ta tsaya cak saboda ni. Kafin in kai ƙarshe na ji takun mutane a bayana.

Komawa

Na kwana gidan Sale, aka yi mani tuwon dawa da miyar kuka. Washegari da la'asar na sauka Sabuwa lafiya. Bayan mako uku kamfani ya amince ya biya. Ba zan iya cewa rubutuna ne ya sa ba. Sale ya aiko cewa an yi maimai, layukan kuma sun yi dauɗa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na kuma gode wa Malam Ɗan'azumi.