Malam Misbahu Dabo da Ɗinkin da Mai Wanka Zai Gani

Ƙarfe shida da rabi na safe Malam Misbahu Dabo yake fita daga gidansa a Greenbelt ta Amurka, kafin motoci su cushe babban titin Beltway. Idan ya isa wurin aiki, ba ya zama sai ya zagaya firinji goma sha huɗu ya duba sanyin kowanne. A cikinsu akwai ƙashi da fata da jijiya na mutanen da suka yi wasiyya a amfana da jikinsu bayan ransu. Da su likitoci suke gyara ƙafar da ta ragargaje a haɗari, ko su rufe jikin wanda gobara ta ƙona. Kamar bankin jini ne, sai dai shi wannan sai mai bayarwa ya cika ake karɓa.

A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki bayan shekara ashirin da bakwai. Lokacin da ya fara, ƙungiyar da ke wannan ajiya asibiti uku ne suka haɗa ta, da firinji biyu a ɗakin ƙasa da ma'aikata biyar. Yau asibiti goma sha tara ne a Maryland da Virginia da Washington. Na karanta littafin tarihinta. Akwai sunayen likitoci da shugabanni, babu nasa.

Aikinsa shi ne cire abin da aka bayar, sannan ya sa sandar roba a gurbin ƙashi, ya ɗinke, ya mayar wa dangi gawarsu.

A shekarar 2004 wani direba ɗan Ghana da ke Lanham, Malam Dramani, ya rasu, iyalinsa suka amince a ɗiba. Malam Misbahu yana hutu, amma yana cikin masu wankan gawa a masallaci, don haka shi aka kira. Da aka zuba ruwa, ɗinkin cinya ya buɗe, roba ta bayyana. Ƙanin mamacin yana riƙe da buta. Limamin da ya shaida abin ya ce mini Malam Misbahu bai ɓata lokaci ba. Ya aika aka kawo masa allura da zare daga mota, ya gyara, aka ci gaba. Labari ya bazu. Shekara shida babu iyalin Musulmi ko ɗaya da ya sake amincewa.

Ranar Litinin bayan wankan Dramani, Malam Misbahu ya je wurin shugabar sashe, Misis Diana, ya faɗa mata abin da ya faru. Ta ce masa kamfanonin jana'iza ba su taɓa kawo ƙorafi ba. Ya ce gaskiya ne, domin su kwat suke sa wa gawa, ba wanda yake ganin abin da ke ƙarƙashi. Mu kuwa ɗa ne yake wanke ubansa da hannunsa. Sai ta ce ya rubuta abin da yake so a canja. Ya rubuta uku: ɗinki matsattse wanda ruwa ba ya shiga, mata su yi aikin gawar mace, kuma a mayar da gawar Musulmi kafin azahar ta washegari. Sai da aka yi shekara biyu kafin asibitocin su sa hannu.

Madam Kaneng Bot, 'yar Jos, wadda ta yi shekara goma sha biyar tare da shi kuma za ta gaje shi, Baba Tela take kiransa. Ta ce ɗinkin da kowa yake gamawa a rabin awa, shi sai ya yi awa biyu, kuma ba ya tambayar addinin mamaci.

"Nakan ce masa, Baba Tela, ba fa rigar sallah ba ce, yunwa nake ji. Sai ya ce, Kaneng, je ki ci, ai shi ba ya sauri."

Gwaji ya zo a 2011. Injiniya Maitama na Bowie ya yanke jiki ya faɗi ya rasu da safe. A lasisin tuƙinsa ya sa alamar ya bayar da sassan jikinsa. Matarsa, Hajiya Sadiyya, ta ce a cika masa burinsa. Babban ɗansa, Zulkifilu, ya ce sam, don ya ji abin da ya sami Dramani, kuma shi zai yi wankan. Abin da ake ɗiba, idan ba a cire shi cikin kwana ɗaya ba, ya lalace. Hajiya ta sa aka kira Malam Misbahu.

Zulkifilu ya ba ni labarin da bakinsa. Ya ce tambaya ɗaya ya yi: "Kawu, idan na yaye mayafi, me zan gani?"

"Za ka ga ɗinki daga ƙugu zuwa idon sawu, ƙafa biyu. Ba zan ce maka babu ba. Amma ba zai buɗe ba, kuma kafin azahar gobe yana hannunka. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka ce a'a, ni zan tsaya maka a gaban Hajiya."

Malamai sun saɓa a kan wannan kyauta, kuma Malam Misbahu bai kawo masa fatawa ba. Zulkifilu ya fita waje ya jima, ya dawo ya ce a yi.

Gawa ta isa masallaci sha ɗaya saura kwata, Malam Misbahu yana bin motar a baya. Bai shiga ɗakin wanka ba, ya tsaya a bakin ƙofa da allura a aljihu. Ba a neme shi ba. Zulkifilu ya ce da ya ɗaga ƙafar dama ya ji ta yi sauƙi fiye da yadda ya santa. Ya ce ban da wannan, babansa ne. Bayan wata takwas takarda ta zo wa Hajiya cewa mutum goma sha ɗaya sun amfana, biyu daga cikinsu 'yan gobara.

Malam Misbahu, kai ne ka ga aibin gidan da kake ci a ciki, ba ka ɓoye ba, ba ka kuma yi kwakwazo ba. Kai ne ka faɗa wa maraya gaskiya a ranar da ƙarya ta fi sauƙi. Tela mai ɗinkin da ba a yabawa, mun gode. Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya.

Saura mu. Madam Kaneng ta ce a cikin ma'aikatanta ashirin da biyu babu wanda ya taɓa wanke gawa a masallaci, kuma ƙofarta a buɗe take ga 'ya'yanmu masu karatun jinya. Wanda kuma ya sa alamar nan a lasisinsa, ya zaunar da wanda zai yi masa wanka ya faɗa masa tun yana da baki. Injiniya Maitama bai yi ba, ya yi sa'a akwai Malam Misbahu. Daga ɗaya ga wata babu shi a wurin.