Ramar Gait Hietbrink, Turken Igiyarmu

Shekara goma sha tara na yi ina jan igiya a gaban Gait Hietbrink, ban taɓa waiwayawa na duba ko yana nan ba. Mu takwas ne a ƙungiyar jan igiya ta ƙauyenmu, a gabashin Holan. Ni ne na bakwai, shi ne na ƙarshe, wanda ake naɗa wa igiyar a jiki. Turke muke ce masa. Kilo ɗari da talatin da ɗaya gare shi, in ya kafa dugadugansa a ƙasa sai dai igiya ta tsinke.

Tankar madara yake tuƙawa. Tun yana ɗan ashirin da biyu yake zagaya gonaki yana kwaso madara ya kai kamfani, gona goma sha ɗaya a rana, kuma a kowace gona akwai uwargida da kofi da yankan kek tana jiransa. Gait bai iya cewa a'a ba. Maganar ma gaba ɗaya ba ta dame shi ba. Matarsa Dinie ta ce ranar da ya nemi aurenta cewa kawai ya yi, "To, ya za a yi?" Ita kuma ta ce, "A yi."

A shekarar da ya cika hamsin da huɗu, kamfani ya gano motarsa ta rame. Kullum ana auna ta a kan babban sikeli bayan an sauke madara, da direba a ciki, sai aka ga ta ragu da kilo ashirin. Aka duba safaya, tana nan. Aka duba jak da akwatin sifana, suna nan. Bakanike ya kwana biyu yana shiga ƙarƙashinta yana fita. A rana ta uku ya turo kansa waje, ya ɗaga ido, ya ga Gait tsaye yana riƙe da wandonsa da hannu ɗaya kada ya zame.

"Gait," in ji shi, "ba motar ba ce. Kai ne."

Dinie ta ce ai ta lura tuntuni wandunan sun yi masa yawa, amma ta ɗora laifin a kan sabon injin wanki, har ta kira masu kantin ta wanke su tas.

Labari ya kai kunnen kyaftin ɗinmu, Tonnie Rouwhorst, mai gyaran rufin gidaje, mutum ne da ko gaisuwa da ihu yake yin ta. Saura wata huɗu mu kara da mutanen ƙauyen da ke ƙetaren kogi, waɗanda muka kayar sau bakwai a jere. Ya tara mu a rumbun da muke atisaye, ya ɗora Gait a kan sikelin dankali, ya daɗe yana kallon lambar.

"Wa ya ba ka izinin ramewa?"

"Ina cin abinci," in ji Gait.

"To ina yake zuwa?"

Gait ya ɗaga kafaɗa.

Nan take aka yanke shawarar a yi masa kiwo. Aka rubuta jadawali aka manna a ƙofar rumbu, kowane gida da ranarsa. Litinin fanke da zuma a gidanmu, Talata kunun shinkafa da suga a gidan Tonnie, Laraba burodin zabibi mai tsawon hannu, da man shanu kaurin yatsa. Matan gonaki suka ninka yankan kek. Gait ya cinye komai, domin yunwar da yake ji a lokacin ba ta da ƙasa. Ga ƙishirwa: an gan shi ya kafa baki a tiyon wanke shanu. Ga fitsari: babu shingen da ke kan hanyarsa da bai san shi ba. Bayan wata guda muka sake ɗora shi a kan sikeli. Ya ƙara zubar da kilo shida.

Sai gajiya ta biyo baya. Wata rana muna tsakiyar ja, na ji nauyi ya sauko mini a baya, na ji numfashi mai ɗumi a wuyana. Turke ya yi barci a tsaye.

Ƙauye kuwa ya samu abin taunawa. Wasu suka ce tsutsar ciki ce. Tonnie ya rantse mutanen ƙetaren kogi ne suka zuba masa wani abu a kofi. Tsohuwa Riek, mai sayar da ƙwai, ta ce baƙin cikin mutuwar karensa ne, alhali karen yana kwance a ƙofar gida yana jin ta. Waɗanda suka fi yawa suka ce soyayya ce, da bazawarar gona ta takwas. Dinie da ta ji sai ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wannan? Mutumin da yake barci da cokali a baki? In ta iya tashinsa ta riƙe shi."

Amma a ɓoye ta yi ta roƙonsa ya je asibiti, shi kuma amsarsa ɗaya: mai cin abinci sau shida a rana ba majinyaci ba ne.

Likitar dabbobi ce ta cece shi, wata doguwar mata mai suna Annelies. Ta zo duba wata saniya a gona ta biyar, ta tarar da shi yana ɗaga bokitin ruwa yana sha. Ta tsaya har ya gama.

"Da saniya ce kai, da tuni na ɗebi jininka."

"Lafiyata ƙalau."

"Su ma haka suke cewa. Kawo yatsa."

Da na'urar da take gwada shanu ta gwada shi. Na'urar ta nuna sugan jininsa ya kai ashirin da shida, inda mai lafiya bai cika wuce bakwai ko takwas ba. Ta zare makullin tankar, ta tura shi cikin motarta tsakanin robobin magani, ta kai shi wurin likitan mutane.

Ciwon suga ne. Likita ya yi masa bayani cewa jikinsa ya daina samar da isasshen insulin, sinadarin da ke shigar da suga inda ake bukatarsa, saboda haka sugan sai ya taru a jini ya fice ta fitsari, jiki kuma ya koma cin kitsensa da namansa. Da ya tambayi abin da Gait yake ci, Dinie ta miƙa masa jadawalinmu. Ya karanta har ƙasa, ya cire tabarau.

"Waɗannan mutanen, abokansa ne?"

Nas Marloes ce ta koya masa allura. Ƙaton da yake tsayar da maza takwas, da ya ga tsinin allurar da bai kai gashin ido ba, sai da aka ba shi kujera. Ta ba shi lemon zaƙi ya koyi yin allurar a jikin lemon da ruwan gishiri. Ta juya ɗauko takarda, ta dawo ta tarar da ɓawo.

Daga nan rayuwarsa ta koma lissafi. Huda yatsa kafin kowane abinci, allura a fatar ciki, dankali uku da aka auna a kan sikelin kicin, tafiyar ƙafa rabin awa bayan cin rana, duba tafin ƙafa kafin kwanciya ko akwai rauni. Ya yi ƙunƙuni sati biyu, sannan ya saba, kamar yadda ya saba duba mai da ruwan mota. Barcin tsaye ya tafi. Kumatunsa suka fara dawowa.

Mu kuma kunya ta mayar da mu 'yan sandan bakinsa. Kek ya ɓace daga gonaki goma sha ɗaya a rana guda. In ya shigo shagon burodi sai a rufe tire da tawul. Tonnie ya kafa doka: duk wanda ya ba Gait abu mai zaƙi, ya bar ƙungiya.

Sai ranar wata Alhamis, bayan mun yi awa guda muna jan ganga cike da siminti, Gait ya saki igiya ya zauna a ƙasa. Gumi na tsiyayo masa.

"Ku ba ni suga."

"Ka ji shi!" in ji Tonnie. "Shaiɗan ne, Gait. Yi haƙuri zai wuce."

"Suga, dan Allah. Ko lemon kwalba."

"Ku ɓoye jakunkunanku!"

Muka kewaye shi muna ba shi baki. Ni da kaina na zauna a kan jakata saboda akwai alewa a ciki. Wani ya miƙa masa kokwamba. Gait ya fara zagin kakannin Tonnie ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, mutumin da bai taɓa haɗa jimla uku a jere ba. Allah ya sa Dinie ta biyo da keke. Ta ture mu, ta ɗura masa ruwan tuffa, ta zauna da shi har idonsa ya dawo daidai, sannan ta juyo kanmu.

"Ku shanu ne? Sugan faɗuwa ya yi! Ya yi allura, ya ja siminti bai ci komai ba. Da farko kun so kashe shi da kek, yanzu da kokwamba?"

Washegari kowa a ƙauye ya cika aljihu da ƙwayar suga. Gait ya rasa 'yancin yin fushi. In ya ɓata rai, suga. In ya yi shiru, wanda shi ne halinsa tun haihuwa, suga. Maƙwabcinsa ya sare masa reshen itacen tuffa ba da izini ba, Gait ya je yin faɗa, mutumin ya saurare shi cikin tausayi ya ce, "Ka gwada jininka kuwa?"

Kafin ranar gasa Marloes ta manna masa wani ɗan faifai a dantse, mai aika lambar sugansa zuwa waya, ta yi ƙara in ya yi ƙasa. Dinie ta riƙe wayar, ta ƙure sautin, ta tsaya dab da alƙalin wasa. Gait yana da kilo ɗari da goma sha biyu a ranar. Aka fara ja, kuma gaskiya jan mu suke yi, taku bayan taku. Saura kamu ɗaya mu ƙetare layi sai wayar ta tsala ƙara. Mutanen ƙetaren kogi suka ɗauka usur ɗin alƙali ne, suka saki igiya suka ɗaga hannu suna murna. Mu bakwai muka zube ta baya a kan Gait, da igiyar gaba ɗaya a hannunmu.

An yi minti arba'in ana gardama. Alƙali ya buɗe littafin dokoki daga farko har ƙarshe bai sami inda aka ambaci ciwon suga ba. Gait yana gefe a kan ciyawa, ya sha ruwan tuffarsa, ya ci rabin ayaba, yana kallon lambar tana hawa. Daga ƙarshe aka ce a sake. Suka kayar da mu cikin daƙiƙa goma sha ɗaya.

Tonnie ya yi kwana uku ba ya magana da kowa, abin da ƙauye ya ji daɗinsa ƙwarai. Gait kuwa ya ce bai taɓa jin daɗin gasa kamar wannan ba, domin a karon farko ya tashi daga fili bai ji kamar an yi masa duka ba. Har yanzu yana tuƙa tankarsa, yana zuwa gwajin ido da na ƙoda sau ɗaya a shekara, kuma ya shiga ƙungiyar masu tafiyar ƙafa ta ranar Lahadi, shi kaɗai namiji cikin mata goma sha huɗu. Sun ce yana da daɗin hira.