Lemun da Kaka Ladi Ta Tuge

Tun da ɗana Usman ya ajiye mini takardun tafiya na kasa zama wuri ɗaya. Gwamnatin soja ta sallame shi daga aiki, yana so mu sayar da gidanmu na unguwar Alhilla Kuku, hayin kogi daga Umdurman, mu koma Jidda. Ina ta zagaye tsakar gida, muryar Kaka Ladi tana bi na.

Muna yara a Umdurman, bayan magariba takan hura gawayi ta ɗora shayi. "Ku matso, 'yan nema, ga ta nan ta iso, ba ta jiran kowa." Sau da yawa labarin ɗaya ne: wata mata ta fito da ƙwallon dabino ƙulle a bakin zane. Duk garin da ta sauka sai a ce ta shuka, ta ce a kan hanya take. Ranar da tsufa ya zaunar da ita ta kwance ƙullin, ta tarar ƙwaro ya cinye.

"Kaka, me ya hana ta shukawa?"

"Mai zuwa Makka yana shuka? Sha shayinka."

Kaka ma daga Haɗeja ta fito da ƙafa da niyyar hajji, tsinkar auduga a gonakin Jazira ta tsayar da ita. Na taɓa dasa lemu a bayan ɗakinta, ta tuge shi da hannunta. A Umdurman aka binne ta.

Na yi karatu a Nalcik, cikin duwatsun Rasha, a gidan wata tsohuwa 'yar ƙabilar Balkar. Ita ta koya mini harshensu, mai liƙa komai a wutsiyar kalma: üy gida, üyüm gidana, üyübüz gidanmu, üyden daga gida. An taɓa kwashe su zuwa wata ƙasa, sai bayan shekaru suka dawo. Da na ba ta labarin Kaka, tsaki ta yi.

"Mu a can tuffa muka dasa. Muka ci, muka dawo, muka bar wa maƙwabta."

Sai yanzu na gane Kaka ta fi mu sanin ko wace ce matar nan mai ƙwallon dabino. Gargaɗinmu take yi da abin da ita ta kasa.

Jiya na sayo dashen lemu. Usman ya same ni ina haƙa.

"Baba, mene ne wannan kuma?"

"Kai ka tafi, Allah ya kiyaye hanya. Miƙo mini butar nan."