Naman Bashira a kan faifan sola

A unguwar Kurayyat ta Jidda, idan ka ce Muntaka ba kowa zai gane ba, sai ka ce Abu Lama mai sola. Bahaushen Sudan ne, daga Mai Wurno ya zo Jidda yana saurayi, ya fara da gyaran wayar mota a warshar kafilinsa, wato garejin ubangidan da ya tsaya masa. Da Larabawa suka kama yayin karafan, wato motar da ke da gado da kicin a ciki, sai ya koma haɗa musu wuta: faifan sola, batir, firiji. Sanyi na shigowa za su yi layi a ƙofarsa, kowa na son fita kashta, kwanan sahara ke nan. Mutum ne mai tsabtar aiki, amma kai, surutu ba ya cikin sana'arsa. Magana ɗaya yake maimaita wa kowa: "Kada a rufe faifan, ko da hankici."

Matarsa Bashira kuwa ba ta taɓa jin wannan maganar ba. Abin da ta sani, yana fita da safe, ya dawo da baƙin hannu. Ciwon sukari ya ɗaure ta a gida shekara da shekaru, domin allurarta ba ta son zafi, dole ta zauna a firiji. Ita kuma burinta ta sake ganin fili, ta zauna a ƙasa babu bango. Abin yana cin ran Muntaka, sai ya sayi tsohuwar bas ya yi ta haɗa ta a hankali. Ya faɗa mata gaskiya: muddin firiji na aiki suna can, in ya tsaya, halas, sai gida.

Suka sauka a wani kwari gabas da Jidda. Ya jingina faifan a ƙasa yana kallon rana. Washegari maƙwabtan zango suka yanka rago, suka aiko musu da cinya, suka kuma ja Muntaka ya duba musu batir. Aka sha gahawa, aka ci abinci, aka yi azahar, bai dawo ba sai la'asar.

Tun daga nesa ya ji firiji na kukan gargaɗi. Da ya ƙaraso sai ya tsaya cak. Bashira ta shimfiɗa farin zane a kan faifan duka, ta yanka naman siri-siri ta jera, tana shanya sharmut, busasshen nama irin na gida. Tana gefe tana korar ƙuda, fuskarta fal murna.

"Abu Lama, wannan tiren naka akwai zafi, mashaAllah! Gobe ya bushe."

Ya shiga motar da gudu. Batir ya kusa ƙarewa, firiji ya ɗauke, allurar dai da sauran sanyinta. Ya fito zai yi faɗa.

"Hajiya, wa ya ce ki rufe shi? Kowa ya san ba a rufe shi!"

"Kowa wa?" in ji ta. "Ni ka taɓa faɗa mini?"

Rabin Jidda ya koya wa, ban da wadda ya haɗa motar dominta. Kunya ta kama shi sosai.

Ya tada inji don batir ya samu, ya ɗaura igiya daga mota zuwa wata bishiyar ƙaya, suka kwashe naman tare suka rataya. Ya juya faifan wajen ranar yamma, sannan ya kamo hannunta ya ɗora a kai, ya nuna mata lambar da ke jikin batir. Ta sa hannu, lamba ta sauka. Ta ɗauke, ta hau. Ta yi ta gwadawa tana dariya.

"To ashe maganina rana yake ci," ta ce.

Kafin magariba firiji ya dawo da gurnaninsa. Muntaka ya tambaye ta ko su haɗa kaya su koma, don a zauna lafiya.

"Koma ina? Nama bai bushe ba."

Da gari ya waye ya fito da tsummansa zai goge ƙura, ya tarar ta riga shi. Ta goge faifan tas da gefen mayafinta, tana zaune a ƙasa kusa da shi, ta bayansa, don kada inuwarta ta taɓa shi.