Akurkin Baba da Tankin Yaya

Babanmu direban babbar mota ne, har ranar da gwiwa ta ce masa ya isa haka. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, ƙwallo ma bai dame shi ba. Abu ɗaya Allah ya ɗora masa, tantabarun tsere. Tun muna yara yake tafiya da su cikin kwando a gefen kujerarsa, ya sake su a gari mai nisa, su riga shi isowa gida. Mama takan ce da ita tantabara ce da ta ga gata, shi kuwa ya yi dariya ya ci gaba da tsince musu hatsi.

Akurkinsu yana saman bene, ƙofarsa na kallon gabas. Kullum da safe zai hau da ƙyar, ya kankare kashi, ya sauya ruwa, ya buɗe fukafukansu yana neman ƙwari. In ya kaɗa gwangwanin hatsi, sai su sauko kamar an jawo su da zare. Gwaninsa shi ne Toka, wani namiji mai faɗin ƙirji. Dabarar Baba ita ce ya bar matar Toka a kan ƙwai. Duk inda aka sake shi, ko ruwa ba ya tsayawa sha sai ya iso gare ta.

Sai Yayanmu ya samu buɗi. Ya gyara gidan, Allah ya saka masa, amma tun daga nan ya ɗauka har mutanen ciki nasa ne. Ya mayar da Baba ɗakin baya, wai ya fi iska, ɗakinsa na da kuma ya koma falon baƙi. Baba ya kwashe kayansa ya koma. Ni ce na yi ta faɗa, aka ce auta ba ta da kunya.

Ranar babbar gasar ƙungiyarsu ta masu tantabara, an riga an tafi da tsuntsayen, har da Toka, a mota don a sake su daga nesa. A ƙa'idarsu, tsuntsu bai iso ba sai ya shiga akurkinsa an cire zoben roba na ƙafarsa. Da safe na raka Baba asibiti duba gwiwa, yana ta azalzalata mu dawo da wuri. Da muka dawo, sai muka tarar da wani ƙaton tankin ruwa zaune daram a inda akurkin yake. Akurkin kuwa an sauke shi tsakar gida kusa da wurin wanki, matar Toka na ta fiffika a ciki, ƙwan ya fashe.

"Ba rushewa muka yi ba, Baba," in ji Yaya. "Matsarwa ce kawai. Ai ka huta da hawan bene."

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Ranakun Allah da yawa, sai ranar ya ga damar kiran masu famfo. Mutumin da ya tashi a gidan nan, a ce bai san tantabara wuri take ganewa ba, ba katako ba?

Ana cikin haka Toka ya bayyana, tun kafin wani ɗan ƙungiya ya bugo waya cewa nasa ya iso. Ya yi shawagi, ya sauka kan tankin, yana leƙen inda ƙofa take a da. Baba ya tsaya ƙasa yana kaɗa gwangwani yana fito har hannunsa ya gaji. Toka ya tashi, ya zagaya, ya sake sauka kan tankin. Baba ya ja gwiwarsa ya hau, muna biye da shi. Da ya miƙa hannu, tsuntsun ya firgita ya tashi. Sai wayar ta yi ƙara a aljihunsa: na wani ya shiga akurki.

Yaya ya dafa kafaɗarsa. "Ka yi haƙuri, Baba. Tsuntsu ne, zai saba."

Baba ya ajiye gwangwanin a gindin tankin, ya dube shi.

"Ni da ka mayar ɗakin baya, ka taɓa tambayata ko na saba?"