Lahadin da Na Yi wa Mota Ƙazafi

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar Lahadin da na yi wa motar maigidana ƙazafi har sau huɗu, alhali lafiyarta ƙalau. Ku da kuke zaune a tashar Adjamé nan Abidjan kuna ce mini tsohon hannu, kuna tsammanin da sitiyari aka haife ni, ku gyara zama ku ji inda jahilcina ya kai.

A shekarar 1998 ne, makonni kaɗan bayan ƙaramar salla. Lokacin shekarata shida ina tuƙa Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi mai shigo da atamfa ta tashar jirgin ruwa, gidansa a Treichville. Kafin shi na yi shekara goma sha huɗu ina jan motar fasinja zuwa arewa. Boko kuwa aji uku na yi, shi ma na ukun ta taga na leƙa shi. Aikin direban gida, ga wanda bai sani ba, kai ne mai kula da mai da taya da takardun mota da hanya. Maigida sunan gari kawai yake faɗa.

Ranar Litinin Alhaji ya kira ni shago. Ya ce yana so ya kai mahaifiyarsa, Inna, garin Tiassalé, inda ta zauna da ƙuruciyarta, inda kuma aka haife shi. Kullum hirarta ba ta wuce kogin Bandama da duwatsun da take wanki a kansu, amma tun da ciwon suga ya kama ta, shekara huɗu ke nan, ba ta zuwa ko'ina sai asibiti. Za a tafi da matarsa Hajiya Zinatu da yara uku. Ya ce ba gudu yake so ba, in nemo wuraren da za a tsaya yara su ga duniya.

Tafiya ce da ba ta kai awa biyu ba a kan otorut, babban titin nan mai hannu biyu da ya nufi arewa. Na samo bayan kwali na zana hanya da biro. Nan kurmin Banco, nan gonar roba mai inuwa, nan mai gasa nama wanda na yarda da yankansa, can kogi da dorinar ruwa. Da yake rubutuna ni kaɗai nake iya karanta shi, shi ma sai ranar da na yi shi, sai na zana dorinar. Alhaji ya ce ta fi kama da akuya mai kumburi, amma tsarin ya yi.

Ranar Laraba Inna ta ce ba za ta je ba, wai ƙafa ke ciwo. Alhaji ya roƙa, ya aika matarsa ta roƙa, ta ce a tafi da yara kawai. Na ga ran mutumin nan ya ɓaci, ya ce in ajiye kwalina, an fasa.

Da yamma na koma gida unguwar Bromakoté ina ba matata Rabi labari, har ina cewa tsofaffi sai haƙuri. Ta karɓi kwalin ta juya shi, ta ce in nuna mata inda mace za ta zagaya. Na ce ai ba a zana irin wannan, in an matsu sai a tsaya bakin daji kowa ya sauka da butarsa, haka muke yi tun da nake tuƙi.

"Kowa, Malam, ko maza?"

Ta ce ita kanta duk ranar da za mu je gida Katsina, tun ana gobe tafiya take daina shan ruwa, haka take kwana uku a hanya tana jiƙa leɓe kawai. Ta ce duk matan da na ɗauka shekara goma sha huɗu haka suke yi. Ni kuwa ina ta yabon mata a tasha, ina cewa fasinjoji ne marasa fitina! Ta ce Inna da ciwon suga ba ta iya riƙe awa guda, kuma Alhaji ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kira. Ta yaya za ta ce masa a tsaya, a gaban jikoki, a gaban direba? Gara ta mutu ba ta ga kogin ba.

Ranar Alhamis na ce da Alhaji zan kai mota a duba ta, na kama otorut ni kaɗai da goro da sabulu. Wannan karon ba inuwa nake nema ba. Gida nake nema kusa da titi, mai mace a ciki, mai bayi da ƙofa da ruwa. Kuma dole a garin da ake iya shiga ta kowane hannu, domin otorut a rabe yake, abin da ka samu a tafiya ba lalle ka same shi a dawowa ba. Ku kwatanta ƙato da furfura yana bi gida-gida da faransancinsa mai ɗingishi yana cewa a nuna masa bayi. Wani a Attinguié ya ɗauka duba-gari ne ni, har ya sa a kamo mini kaza. Daga ƙarshe na sami gida uku: na wata Bajula, wato 'yar ƙabilar Jula, mai sayar da ayaba a Attinguié, gidan liman a Elibou, da na wata Bazabarma a N'Douci. Da na yi wa matan bayani babu wadda ta yi dariya. Bajular ma cewa ta yi za ta wanke wurin da kanta.

Saura yadda za a tsaya ba tare da Inna ta nema ba. Nan ne na sayar da mutuncin motar, da nawa. Ranar Juma'a Rabi ta je gaishe da Inna, a cikin hira ta yi ta ƙorafi wai motar Alhaji ta koyi zafi, dole sai an tsaya wuri uku an ba ta ruwa, sa'a dai ni Tanko na san gidajen mutane a wuraren, mata na iya shiga su huta. Rabi ta ce Inna ta daɗe tana kallon tasbaharta, sannan ta tambaya da ƙarfe nawa za a tashi.

Lahadi da hantsi muka fita. Yara suka ga kurmi suna ta ihu da faransanci, Inna na ce musu su yi Hausa kada birai su raina su. A Attinguié na girgiza kai, na ce ta yi zafi, na sauka na ɗaga bonet na zuba ruwa a ƙasa. Bajula ta fito ta ce baƙi su shigo inuwa. Hajiya Zinatu, wadda Rabi ta riga ta tsegunta wa, ta kama hannun Inna suka shige. Haka a Elibou, haka a N'Douci. Alhaji na ta huci, yana tambaya wane irin gareji na kai motar. Na ce makanikan zamani ne, sai addu'a.

A Tiassalé Inna ta gane dutsenta. Ta zauna a kai ta tsoma ƙafafu cikin ruwa, ta nuna wa yara inda babansu ya taɓa zamewa yana ɗan shekara uku, tsirara, yana kuka. Alhaji ya yi dariya har ya cire hula. Dorina ba ta fito ba, wataƙila ta ji labarin zanena. Aka shimfiɗa tabarma aka ci acceke, dambun rogon nan nasu, da kifi, muka yi azahar a gaɓa.

A dawowa na sake yin ƙazafina a N'Douci. Amma da muka doshi Elibou na fara rage gudu, sai Alhaji ya leƙo ya dubi allurar zafi, ya gan ta zaune a tsakiya. Ya ce ba jiya ya fara shiga mota ba, babu sauran tsayawa sai Abidjan, in za ta kama da wuta ta kama. Ga mafitar garin tana matsowa. Na dubi madubi na ga Inna ta sunkuyar da kai. Ga shi gaskiya ba ta faɗuwa, ƙarya kuma ta ƙare.

Sai muryar Inna daga baya, a hankali: "Ni dai na ji ƙauri. A tsaya a ba baiwar Allah ruwa."

Alhaji ya dubi allura, ya dube ni. Ban san me ya gani a fuskata ba. Da na tsaya a ƙofar gidan liman, shi ya riga ni sauka. Ya ɗauki jarka, ya ɗaga bonet da hannunsa, ya tsaya da babbar rigarsa ya ba gidan baya, yana kallon injin da babu abin da ya same shi, har matan suka shiga suka fito. Idonsa ya yi ja, na ce tururi ne, ya ce haka ne.

Kafin Attinguié kuwa ban kai ga buɗe baki ba ya ce, "Malam Tanko, ba ka ga ta sake yin zafi ba?"

To, kun ji. Na yi shekara ashirin ina taƙama na san kowane rami daga nan har iyaka, ashe rabin mutanen da ke bayana ban san halin da suke ciki ba. Abin da na koya a sana'ar nan shi ne, fasinjan da ya fi kowa buƙatar a tsaya shi ne wanda ba zai taɓa cewa a tsaya ba. Mai surutu zai kula da kansa. Gobe in kun ɗauki lodi zuwa Bouaké kun ci birki a bakin daji, kafin ku ɗauki butarku, ku waiwaya ku dubi waɗanda ba su sauka ba.